GUDAWAR JARIRAI DA MAGIDANTAN DA KE ZAUNE A KURMI

A duk unguwannin da 'yan Arewa suka yi zango a ƙasar Kurmi, tun daga Sabon Badun da na Shagamu, zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, har Anacha da Fatakwal, akwai wata irin mutuwa wadda ba ta cika tayar wa jama'a da hankali ba. Ita ce mutuwar jariri ɗan wata shida ko tara, wanda ya kwana biyu yana amai da gudawa, rana ta uku kuma a rungume shi zuwa maƙabarta. Idan aka tambayi sanadi sai a ce haƙori ne. A yi wa uwa gaisuwa, a ce Allah Ya sa mai ceto ne, sa'an nan kowa ya koma bakin sana'arsa.

Da a ce manya ne suke faɗuwa haka, da tuni gari ya ɗauka. An ga misali a watan Yuni na 2024, sa'ad da kwalara ta ɓulla a Ikko: gwamnati ta yi shela, gidajen rediyo suka yi ta gargaɗi, kowa ya shiga taitayinsa game da ruwan da yake sha. To, amma gudawar da ke kashe jarirai ba ta jiran annoba. Kowace shekara tana nan, ta fi tsananta a lokacin hunturu da rani, kuma babbar mai haddasa mai tsananin cikinta ƙwayar cuta ce da likitoci suka sani sarai, suna kiranta rota.

Wata masaniya mai suna Ruth Bishop ce, tare da abokan aikinta a asibitin yara na birnin Melbon ta ƙasar Ostareliya, ta fara gano wannan ƙwaya a cikin hanjin yara a 1973. Da aka dube ta da madubin likita mai ƙarfi sai aka ga ta yi kama da wili mai sifoki, shi ya sa aka laƙaba mata wannan suna, domin da harshen Latin haka ake kiran wili. Ta baki take shiga. Idan ta isa ƙaramin hanji sai ta lalata 'yan tsirgogin da ke tsotse ruwa da abinci, ta kuma fitar da wani dafi mai sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa maimakon ya sha. Bayan kamar kwana biyu da shigarta sai zazzaɓi da amai su fara, gudawa mai ruwa-ruwa ta biyo baya, ta yi kwana uku zuwa takwas. Yaro mai ƙoshin lafiya jikinsa kan ci ƙarfin ƙwayar da kansa. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki kafin cutar ta gama kwanakinta, kuma jikin jariri bai da ruwan da zai yi asara da yawa.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2013 rota ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 215,000 a duniya. Ƙasashe huɗu, Indiya da Nijeriya da Pakistan da Kwango, su ne suka ɗauki kusan rabin wannan adadi, kuma Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kimanin kashi 14 cikin 100. Wannan kuwa kafin a kawo rigakafinta ƙasar nan ne.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan sha'ani ne na ƙazanta, kuma kowa ya san irin gidajen hayar da baƙo yake samu a Ikko ko Badun, ɗakuna a jere suna duban juna, iyali goma ko fiye a kan masai ɗaya da rijiya ɗaya, ga kwata a ƙofar ɗaki. Babu shakka cunkoso yana taimakon cutar, wanke hannu da sabulu kuwa wajibi ne a kan kowace mai raino, domin yana tsare yaro daga wasu cututtukan ciki masu yawa. Amma a game da rota tsabta kaɗai ba ta wadatar. Ƙwayar tana fita da yawan gaske a cikin kashin yaro mai ciwo, tana daɗewa da rai a kan hannu da tabarma da kayan wasa, 'yar kaɗan kuma ta isa ta kama wani. Saboda haka ne kafin zuwan rigakafi kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da ita kafin ya cika shekara biyar, ɗan Ingila da ɗan Amurka kamar ɗan Agege. Bambancin da ke akwai shi ne abin da ake yi wa yaron a kwana biyun farko. A can akan mayar masa da ruwan da ya rasa, ya tashi. A nan kuwa sau da yawa kwana biyun nan sukan ƙare wajen neman maganin abin da ba shi ne ke damunsa ba.

Na farkon waɗannan abubuwa shi ne haƙori. Iyaye mata ba su yi ƙarya ba da suka lura cewa gudawa takan zo daidai lokacin da haƙori ke tsirowa. Dalili kuwa shi ne, wajen wata shida ne garkuwar da jariri ya samo daga jikin uwarsa take fara raguwa, a lokacin ne yake fara rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, a lokacin ne kuma ake fara ba shi koko da ruwa. Haƙori da gudawa sun haɗu ne a hanya, kamar yadda baƙi biyu kan sauka a tasha ɗaya ba tare da ɗaya ya kawo ɗaya ba. Illar wannan zato ita ce, uwar da ta gaskata haƙori ne sai ta zauna jiran ya huda, ko kuwa ta aika a sayo mata maganin haƙori. Ya kamata jama'a su tuna da abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, sa'ad da wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Ikko, ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, hukuma ta ba da lissafin yara 84 da suka rasu. Iyayen yaran nan da kuɗinsu suka saya, da nufin alheri.

Na biyu maɗiga. Idan tsakar kan jariri ta faɗa, akan ce ciwon maɗiga ne, a kwaɓa magani a shafa a wurin. Maƙwabta Yarbawa ma suna da irin wannan fahimta da nasu haɗin, saboda haka matar da ta nemi shawara a tsakar gidan haya za ta ji abin da ta saba ji a gida. Alhali kuwa faɗawar maɗiga shaida ce cewa ruwan jikin yaro ya yi ƙasa ƙwarai, kuma babu abin da za a shafa a kai ya ɗago ta. Ruwan da ya shiga ciki shi ke ɗago ta. Haka nan akwai masu cire yaro daga nono da zarar ya fara gudawa, musamman idan ana zaton uwar ta sami ciki, a ce ya sha ciki. Wannan kuwa raba shi ne da abu mafi amfani gare shi a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Na uku kemis. Magidanci ya dawo daga kara ko daga bakin canji da dare, ya tarar da yaro a galabaice, ya nufi mai kemis na kan kwana, a haɗo masa Flagyl da Septrin da wani na tsayar da gudawa, shi kuwa ya ji ya sauke nauyi tun da ya kashe kuɗi. Waɗannan magunguna an yi su ne domin wasu ƙwayoyin cuta dabam. Rota tana cikin jinsin da ake kira bairas, irin su ƙyanda da mura, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta ko kaɗan. Mai tsayar da gudawa kuwa likitoci sun hana ba ƙananan yara shi, don yakan kwantar da hanji, ciki ya kumbura, ruwa ya ci gaba da taruwa a ciki ana zaton an sami sauƙi.

Abin mamaki shi ne maganin gaskiya ya fi duk waɗannan araha, watakila ma arahar tasa ce ta sa ake raina shi. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta ƙasar Indiya, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin ruwa bisa awo, 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Hikimar abin ita ce, ko hanji ya yi rauni, akwai wata ƙofa a jikinsa wadda ke karɓar gishiri muddin ya zo tare da sukari, idan gishirin ya shiga kuwa sai ruwa ya bi shi. Dattawan da ke Kurmi tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, za su tuna yadda aka cika rediyo da talabijin da koyar da wannan haɗi. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara goma masu gudawa, huɗu ne kawai aka ba ruwan ORS.

Yadda ake yinsa ba wuya. A sayi ƙunshin garin ORS, a duba awon ruwan da aka rubuta a jikinsa. Mafi yawa lita ɗaya ne, watau ruwan leda biyu na rabin lita, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A juye garin duka, kada a raba shi, kada kuma a ƙara masa sukari don yaro ya ji daɗi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali, domin abin da ya zauna ya fi abin da ya fito. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Inda dare ya yi babu ƙunshin, a lita ɗaya ta ruwa a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin, a yi hattara ƙwarai da gishirin don yawansa haɗari ne. Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan, sukarinsa ya yi yawa, ƙara gudawar yake yi. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zink, guda ɗaya mai awo 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabinta ga wanda bai kai wata shida ba, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku. Nono kuwa a ƙara yawan ba shi, wanda ya fara cin abinci kuma kada a hana shi.

Akwai lokacin da gida ba ya iyawa. Yaron da idanunsa suka faɗa, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ko aka ga jini a kashinsa, ko aka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, wannan na asibiti ne a wannan sa'a, ko tsakar dare ne. A nan ne zaman baƙunci yake da nasa cikas. A gida Arewa idan maigida ba ya nan akwai mahaifinsa ko wansa da zai ce a tafi. A Kurmi mace tana ɗaki ita kaɗai, maigida ya fita tun asuba, wani ma ya bi mota ya yi Arewa sarin kaya sai bayan mako, ba ta da izinin fita, ba kuɗi a hannunta, ba ta jin Yarbanci ko Inyamuranci ko Turancin da za a yi mata a asibiti. Sai ta zauna tana jira, awowin da za a ceci yaron suna wucewa. Kamata ya yi kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yaro yana lafiya, ya faɗa da bakinsa cewa in an ga alama kaza a tafi ba sai an neme shi ba, ya nuna asibitin da za a je da wanda zai yi rakiya, ya ajiye kuɗin mota da ƙunshin ORS biyu ko uku a ɗaki. Kuɗinsu bai kai na goron da yake ci a wuni ba.

Sai batun rigakafi. An fara amfani da maganin rigakafin rota na zamani a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shawarci dukan ƙasashe su sa shi cikin rigakafin yara a 2009. Sudan ta fara a 2011, Gana a 2012, Nijar a 2014. Nijeriya ba ta shigo ba sai a watan Agusta na 2022, jinkirin da babu wanda zai iya lissafa abin da ya ci. Yanzu dai yana nan kyauta a asibitocin gwamnati da ɗakunan shan magani, Arewa da Kudu. Ɗigo ne a baki, sau uku: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, a ranakun da ake yi masa sauran alluran.

Duk wanda ya san al'adar Hausawa, idan ya dubi mako shidan nan zai ga inda gizo ke saƙa. Mako shida kwana 42 ne. Matar ɗan Arewa mazaunin Kurmi, musamman a haihuwar fari, gida take tafiya goyon ciki, a can take haihuwa, a can take wankan jego, ba ta kuwa shirin komowa sai ta yi arba'in. Ashe ke nan ranar ɗigon farko tana faɗowa ne daidai lokacin da ake yawon arba'in, ana sallama da dangi, ana ɗaure kaya, ko kuwa ana cikin mota tsakanin Kano da Ikko. Ma'aikaciyar lafiyar ƙauyensu ta san ta tafi, ta cire ta daga lissafi. Ta unguwar da ta sauka kuwa ba ta san ta zo ba. Wata an yi wa ɗanta na farko a gida, amma katin yana can cikin kwallar kakarsa, ita kuma tana jin nauyin zuwa asibitin baƙin wuri hannu sake, kada a yi mata tsawa da harshen da ba ta ji. Haka yaro zai kai wata shida, lokacin da rota ta fi kamu, da ɗigo ɗaya ko babu ko ɗaya. Binciken 2018 da aka ambata ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yaran ƙasar nan suka kammala rigakafinsu na farko, kuma yaron da ke tsakanin gari biyu ya fi kowa sauƙin faɗawa cikin sauran.

Gyaran wannan yana hannun maigida. Shi ne ke aika kuɗin mota, shi ne kuma ke sa ranar tasowa. Ya iya cewa a ƙara kwana biyu a kan arba'in a karɓi ɗigon farko kafin a taso, ya kuma tambayi katin kamar yadda zai tambayi sauran kaya. Katin da aka bayar a Sakkwato ko Katsina yana aiki a Badun da Fatakwal, domin tsarin rigakafin na ƙasa ne baki ɗaya. Wanda ya makara ma kada ya ce ya wuce, a kai shi ma'aikatan lafiya su duba abin da ya rage masa.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa iyaye iyakar ƙarfin wannan ɗigo. Ba ya hana kowace irin gudawa, tun da akwai wasu ƙwayoyin ban da rota, kuma ƙarfinsa a Afirka bai kai yadda yake a Turai ba. A gwajin da aka yi a Madarumfa ta jihar Maraɗi, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2017, wani irin maganin rota da aka yi a Indiya ya rage gudawar rota mai tsanani da kimanin kashi biyu cikin uku. Saboda haka uwar da ta ga ɗanta ya yi gudawa bayan an ɗiga masa kada ta ce an yaudare ta. Abin da aka rage masa shi ne irin wadda ke kai yaro ga ƙarin ruwa ko kabari. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba, 'yan ƙalilan cikin yara dubu ɗari, inda hanji kan shige cikin hanji a makon da aka yi ɗigon. Alamarta kuka mai tsanani yana ɗaukewa yana dawowa, da amai, da jini a kashi, kuma asibiti ake kai ta nan take. Masu ɗari-ɗari da rigakafi suna da abin da suke tunawa, tun daga gwajin maganin sanƙarau da aka yi a Kano a 1996 har zuwa dakatar da ɗigon shan inna a 2003. To, amma ɗigon shan innan nan da aka koma aka karɓa shi ne ya kai ga shelar da aka yi a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kurmi da limaman masallatan Sabo suna da abin yi a nan wanda ya fi ƙarfin ma'aikacin lafiya. Babu sunan da ake raɗawa a unguwa ba da saninsu ba, babu kuma matar da za ta dawo daga wanka labari bai kai gare su ba. Limamin da ya raɗa suna ya iya tuna wa uban yaro cewa saura mako biyar a kai shi ɗigo. Shugabannin 'yan kara da 'yan goro da 'yan gwari, waɗanda ba su gaza tara kuɗi idan ɗan'uwa ya shiga hannun hukuma, ba za su gaza ɗaukar nauyin mace ɗaya ko biyu masu jin Hausa da harshen gari ba, su riƙa zama a ɗakin shan magani ranar rigakafi suna yi wa mata tafinta. Ƙananan hukumomin da waɗannan unguwanni suke ƙarƙashinsu kuwa, tun da suna karɓar haraji da kuɗin rumfa a hannun baƙin nan, haƙƙi ne a kansu su sa ma'aikata masu jin Hausa a asibitocin Sabo da Agege da makamantansu, su riƙa kai rigakafi cikin unguwa a ranar da aka sanar a masallaci, su kuma hori ma'aikatansu da su karɓi matar da ta zo ba kati su buɗe mata sabo.